Yadda ake kula da mai ciwon huhu da aka sa wa oksijin a gida

Wanda hayaƙin itace, taba ko tabon tarin fuka ya ci wa huhu, in likita ya rubuta masa oksijin na gida, a ɗauki iskar nan a matsayin magani mai awo. Lita nawa aka rubuta a minti ɗaya, a nan ma'aunin zai tsaya. Ga mai toshewar huhu da ta daɗe, yawanci ana so na'urar yatsa, wadda ake maƙala wa yatsa don auna oksijin na jini, ta nuna kashi 88 zuwa 92, ba 99 ba. 'Yan uwa kan murɗa zuwa lita 5 don tausayi, alhali yawan oksijin na iya sa gurɓatacciyar iskar da ya kamata a fitar ta taru a jini. Alamarta barci mai nauyi, ciwon kai da ruɗewa. An ga haka, sai asibiti. Galibi amfanin oksijin ɗin sai an yi awa 15 a yini, har da lokacin barci.

Na'urar tace iska tana jan iskar ɗaki, mai oksijin kashi 21, ta fitar da sama da kashi 90. A raba ta da bango da labule kamar kamu biyu don ta sha iska. Soson da ke tare ƙura a wanke shi duk mako, a hunturu ma fiye da haka, ya bushe sarai kafin a mayar. Ruwan kwalbar da iskar ke ratsawa don ta yi danshi a canza kullum, tafasasshe da ya huce. In ba a jin iska a hanci, a tsoma bakin robar da ake sawa a hanci cikin kofin ruwa: babu kumfa, to ta lanƙwashe ko murfin kwalbar bai zauna ba.

Mai lita 5 tana cin wat 300 zuwa 400, don haka a tanadi silindar oksijin saboda ɗaukewar wuta, a tsaye, a ɗaure. Janareta kuwa waje, nesa da taga.

Kaskon turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, risho da taba, duk su yi nisan mita 2 aƙalla da inda oksijin yake. Hanci ya bushe, kada a shafa basilin, maiƙo da oksijin saurin kamawa da wuta gare su.

Na'urar yatsa ma tana ruɗi: yatsa mai sanyi, jan farce ko baƙin lalle kan ɓata lissafi, kuma a baƙar fata takan nuna sama da gaskiya. A ɗumama hannun, a jira lambar ta tsaya, sannan a dubi numfashin mutumin.