Yadda na gyara sikirif ɗin da ke mutuwa a tamina

Akwai wani sikirif, wato fayil ɗin umarnin kwamfuta, da nake kunnawa a sabar shagon da nake aiki a nan Jidda, da farko ma ƙin tashi ya yi, sai da na buga chmod +x, umarnin da ke ba fayil izinin tashi, tukuna. Babbar matsalar kuma, da zarar intanet ya ɗan katse ko na rufe laftof na tafi sallah sai SSH, wato haɗin da nake shiga sabar da shi daga laftof, ya yanke, siginar SIGHUP mai sanar da cewa tamina ta katse ta sami sikirif ɗin, shi kenan aiki ya mutu a tsakiya. Sai na saka tmux, manhajar da ke riƙe tamina a buɗe a saba ko da haɗi ya yanke, na buga tmux new -s aiki, na kunna sikirif ɗin a ciki, Ctrl+b sannan d na fita abina. In na dawo, tmux attach -t aiki kawai. nohup, umarnin da ke hana SIGHUP kashe aiki, shi ma yana yi fa, amma ni wallahi na fi son ganin inda ya kai da idona.