Yadda ake maida tayar motar tsere daga noti biyar zuwa noti ɗaya

Jama'a masu tambaya kan noti ɗayan nan na tsakiya irin na motocin Formula 1, wanda gasar tseren motoci ta Amurka NASCAR ma ta koma kansa a 2022, amfaninsa dai saurin canjin taya ne, in ba tsere kake ba wallahi ɓarnar kuɗi ce.

Hanya biyu ce, ko ka canza hob ɗin, wato ƙarfen da taya ke ɗaure a kai, gaba ɗaya har da boris, ko ka ɗaura adafta kan bol ɗinka na da. Kafin ka tafi kasuwar kayan mota ta Ladipo ka san awon ramukan motarka, Porsche 5x130 (ramuka biyar a da'irar milimita 130), BMW tsofaffi 5x120, kuma sai da sabon rim domin na da ba zai shiga ba.

In adafta ka zaɓa, ka ɗaga mota da jak, cire taya, goge fuskar hob da burushin ƙarfe har tsatsa ta fita, danshin Legas kun san halinsa. Ɗaure adafta, sa rim ka tabbata ƙusoshin adafta sun faɗa raminsu a bayan rim, su ke hana rim zamewa in ka taka birki. Wasu na zuwa da zaren hagu da na dama, duba alamar kar ka musanya.

Wajen ɗauri ake shan kunya, ƙarfin ɗaurin noti na da yawanci bai wuce Nm 120 zuwa 140 ba amma na Porsche GT3 Nm 600 ne, sifanar bakanikenmu na Agege ba ta kai nan, sai doguwar mai awo, wani ya taka maka birki kana ja. Shafa giris ɗin da kamfani ya ce kafin ɗauri, ka ɗaure taya na sama ba a ƙasa ba, sannan ka duba makullin tsakiya mai hana notin kwancewa ya fito daidai kafin ka sauke jak.