Yadda Ake Farfaɗo da Gonar da Ruwa da Gishiri Suka Ci

A filayen noman rani irin na madatsar Jibiya, idan ruwa ya daɗe kwance a gona, rana takan busar da shi ta bar farin gishiri a saman ƙasa, tsiro ya ƙone tun yana ƙarami.

Da farko manomi ya haƙa magudana zuwa gangare, domin bishiyar da zai dasa daga baya ba ta maye gurbinta. Bayan ruwan farkon damina ya wanke ƙasa, sai ya dasa bishiyar turare a iyakar gona kawai, saboda saiwarsa tana zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa sosai, amma tana ƙwace wa amfanin gona abinci idan suka matsu. Bagaruwa, wadda take jure gishiri da kwanciyar ruwa, ita ta fi dacewa da wurin da ya fi lalacewa. A dasa a kafaɗar kunya mai tudu, domin a ƙoƙuwarta gishiri yake taruwa, kuma a kewaye dashen da ƙaya saboda awaki.

Tsakanin layukan a zuba takin gida, a rufe ƙasa da karan dawa, a fara da dawa ko auduga. Albasa ba ta jure gishiri, ta jira sai ƙasa ta murmure.