Yadda za a daidaita barcin matashi a gidan da ake tashi da asuba

Iyaye da yawa suna kukan cewa yaronsu, tun da ya fara tasawa, ya zama mai nauyin barci: sai an yi ta buga masa ƙofa kafin ya tashi sallar asuba, da dare kuwa idonsa biyu har sha biyu. Galibi akan ɗora laifin a kan lalaci, alhali akwai sauyi na halitta da ke zuwa tare da balaga. Ƙwaƙwalwa tana fitar da wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shaida wa jiki cewa dare ya yi, kuma a shekarun balaga fitowarsa takan jinkirta da awa ɗaya zuwa biyu, saboda haka matashin da ya ce bai ji barci ba da ƙarfe tara yana iya kasancewa gaskiya yake faɗa.

Amma buƙatarsa ta barci ba ta ragu ba. A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta bayyana cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Lamarin ya kai jihar Kalifoniya da ke Amurka ta kafa doka a 2019, wadda ta hana akasarin manyan makarantun sakandare na gwamnati fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe. A gidajenmu ba a da wannan zaɓi, domin lokacin asuba ba ya matsawa don kowa, kuma bayanta akwai karatun allo, ɗiban ruwa, shara da shirin makaranta. Tunda lokacin tashi a tsaye yake, lokacin kwanciya ne za a gyara.

A fara da lissafi daga baya. Idan yaro yana tashi da ƙarfe 5:15, to don ya sami awa 8 sai barci ya ɗauke shi da misalin 9:15, wato ya kasance a shimfiɗa tun ƙarfe tara. Wanda ya saba kai wa sha biyu ba zai iya wannan a dare ɗaya ba, kuma tilasta masa ba zai haifar da komai ba sai juye-juye a kan katifa. Abin da ya fi dacewa shi ne a riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 kowane kwana biyu ko uku, har a kai inda ake so. A zauna da shi a yi wannan lissafi tare, domin matashi ya fi riƙe dokar da aka yi shawara da shi a kanta.

Wayar hannu ita ce babbar matsala, kuma a nan nake ganin ya kamata iyaye su tsaya da ƙafafunsu. Hasken fuskar waya yana ƙara jinkirta melatonin, amma abin da ya fi hasken illa shi ne hira da kallon bidiyo da ba su da ƙarshe, ga kuma data mai rahusa da ake sayarwa ta tsakar dare, wadda ke sa yaro ya jira sha biyu da gangan. A ajiye dukkan wayoyi a wuri ɗaya a wajen ɗakin kwana awa ɗaya kafin barci, har da ta uba da ta uwa, domin yaro ba zai girmama dokar da ya ga mai kafa ta yana karyawa ba. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yana ƙin hira bayan sallar isha, kuma wannan kaɗai ya isa ma'auni ga gida.

Sai abin sha. Shayi, kofi, goro da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin caffeine mai hana barci, wanda rabinsa ke nan a jiki bayan kimanin awa biyar, don haka a daina su daga azahar. Masu shirin jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB su ne suka fi faɗawa wannan tarko, suna shan kofi su kwana karatu, alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Karatun awa biyu bayan asuba ya fi na awa huɗu cikin gyangyaɗi amfani.

Ƙailula tana taimakawa idan ta kasance minti 20 zuwa 30 kafin la'asar, amma barcin da ya kai magariba yana cinye na dare. A ranakun hutu kuma kada lokacin tashi ya wuce na kullum da fiye da awa ɗaya. A lokacin bazara a yi wanka kafin kwanciya, a ɗaura gidan sauro, a bar iska ta shiga ɗaki. Hasken rana da safe da motsa jiki da yamma, ko da ƙwallo ce a fili, suna jawo barci da wuri.

Idan an bi wannan tsari na tsawon makonni amma yaro yana ci gaba da gyangyaɗi a aji, ko yana munshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa, ko rashin barcin ya haɗu da ƙunci da ƙin shiga mutane, to a kai shi asibiti likita ya duba shi, kada a saya masa maganin barci a kantin magani.