Yadda ake tantance dashen kwakwar manja da gwajin DNA kafin a kai shi gona

Manomin da ya dasa kwakwar manja a yankin Kafanchan ko Sanga yakan jira shekara uku zuwa huɗu kafin ya yanka ɗan farko ya ga kaurin ɓawon ƙwallonsa, alhali a kan wannan kauri ribar gonar ta rataya. Iri uku ne: dura mai ɓawo mai kauri, fisifera marar ɓawo wadda galibi 'ya'yanta ke zubewa tun ba su nuna ba, sai tenera mai siririn ɓawo da tsoka mai yawa, wadda ake samu idan an barbara dura da garin furen fisifera, kuma manjanta ya fi na dura da kusan kashi 30 cikin ɗari.

A 2013 masu bincike na hukumar manja ta Malesiya suka karanta jerin ƙwayoyin gadon wannan itace, suka gano cewa ƙwayar gado guda, wadda suka kira SHELL, ita ke hukunta kaurin ɓawon. Tun daga nan ganyen ƙaramin dashe ya isa ya bayyana irinsa ta gwajin DNA, wato gwajin ƙwayoyin gado.

A fara da asalin iri, a samo tsirarren ƙwallo daga NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya da ke kusa da birnin Benin, tare da takardar shaida. Ina jan kunne sosai game da tsintar ƙwallo a gindin tenera, domin 'ya'yanta ba sa gadonta gaba ɗaya: rabi ne kawai ke fitowa tenera, rubu'i dura, rubu'i fisifera, ga shi kuwa ido ba ya bambance su a leda.

Idan dashe ya yi ganye a wurin reno, a rataya wa kowace leda lamba da ruwa ba ya gogewa, a yanki ɗan guntun ganye mai lafiya, a goge almakashin da barasar asibiti kafin a taɓa na gaba, sannan a sa kowane guntu a ambulan ɗinsa mai wannan lamba, tare da ƙwayoyin silika masu shanye danshi. Wannan aikin lamba ya fi komai neman natsuwa, domin sakamako mai kyau da aka liƙa wa dashen da ba nasa ba asara ne ninki biyu. Tun kafin a tattara samfur, a tuntuɓi ɗakin gwajin a tabbatar yana gwada SHELL, kuma gara ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi ta aika gaba ɗaya. Da sakamako ya dawo, a fitar da duk wanda ba tenera ba, a dasa sauran da tazarar mita 9 a tsarin kusurwa uku, wato itace 143 a hekta.

Gwajin ba ya faɗin juriyar fari, wadda ita ce babbar damuwar Kudancin Kaduna saboda tsawon rani, domin ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa a kanta. Saboda haka a zaɓi fili kusa da rafi ko gefen fadama da ruwa ba ya kwanciya, a tanadi ban-ruwa a shekarun farko.