Yadda Za Ka Rubuta Tarihin Tsohuwa 'Yar Sikotlan da Aurenta Na Shekara Sittin

Aikina kula da tsofaffi ne a birnin Hamilton na lardin Ontario a Kanada, garin masana'antun ƙarfe da ya karɓi 'yan Sikotlan masu yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da yawa daga cikin matan da nake wa hidima sun zo ne da ƙuruciyarsu, daga Glasgo ko Dundee ko tsibiran yamma, suka tsufa a nan. Idan ɗayarsu ta rasu, 'ya'ya da jikoki sukan rasa abin da za su faɗa a kanta, sai su koma ga "mutuniyar kirki ce, mai son iyalinta." Gaskiya ne, amma ana iya faɗin haka a kan kowa. Abin da zan bayyana shi ne hanyar da muka bi da wani iyali, har muka fito da tarihin da duk wanda ya san mahaifiyarsu ya ji ya ce ita ce.

Idan tana raye, fara yau. Idan ta riga ta tafi kuma mijin yana nan, wurinsa za ka fara zuwa, kafin kowace takarda. Kada ka tambaye shi wace irin mace ce, domin zai ce maka ta gari, ya yi shiru. Tambaye shi abin da ido ya gani. Ni cewa na yi, "Baba, a ina kuka fara haɗuwa?" Ya ce, "A wurin rawa, 'yata, a Barrowland." Wannan babban zauren rawa ne a gabashin Glasgo, wanda aka buɗe a 1934, kuma aure da yawa na wancan zamani daga irin waɗannan zauruka ya samo asali. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya tuna launin rigarta, ya tuna ya raka ta tashar mota ya rasa tasa motar ta ƙarshe, ya taka da ƙafa har gida cikin ruwan sama. Ajiye wayarka a gefe tana naɗar murya, bayan ka nemi izininsa, kuma kada ka katse shi ko ya kauce hanya. Tsoho yana gajiya da wuri, don haka zama gajere sau da yawa ya fi dogon zama guda. Da hantsi ya fi, bayan ya sha shayi.

Kawo masa abin taɓawa. A kusan kowane gidan irin waɗannan mutane akwai gwangwanin biskit da aka mayar ma'ajiya. A nata mun sami shuɗayen wasiƙun jirgin sama da mahaifiyarta ta riƙa aiko mata, da katin shiga jirgin ruwa, da hoton ɗaurin aure a ƙofar coci, da takardar da ta rubuta yadda ake dafa miyar sha'ir da naman rago, gefenta duk maiƙo. Juya bayan kowane hoto, sau da yawa akwai suna da shekara da fensir. Ka duba hatimin gidan waya a kan ambulan, shi zai ba ka kwanan wata idan wasiƙar ba ta da shi.

Sai takardun hukuma, kuma a nan 'yan Sikotlan sun yi sa'a. Tun ranar 1 ga Janairu 1855 ake rajistar haihuwa da aure da mutuwa a ƙasar, kuma takardunsu sun fi na Ingila bayani. Takardar haihuwa tana ɗauke da sunan uwa na gidan ubanta, har da rana da wurin da iyayen suka yi aure. Takardar aure tana kawo sunayen iyayen ango da na amarya duka huɗu. Ana neman su a shafin ScotlandsPeople na hukumar adana bayanan ƙasar da ke Edinbura. Binciken suna kyauta ne, buɗe hoton takardar ne ake biya. Amma akwai ƙa'ida: ba a nuna hoton takardar haihuwa a intanet sai ta haura shekara 100, ta aure 75, ta mutuwa 50. Wadda aka haifa a shekarun 1930 ke nan sai ka yi odar kwafi a aiko maka ta gidan waya, saboda haka kada ka bari sai jana'iza ta matso. Na iyayenta kuwa nan take za ka gani, haka ma ƙidayar jama'a ta 1921, wadda za ta nuna maka gidan da suka zauna, ɗaki nawa ne, da sana'ar kowa. Nemi matar da sunan gidan ubanta, ba na mijinta ba. Idan sunaye suna ta maimaituwa kada ka rikice, al'adarsu ce a sa wa 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, ɗan fari kuma sunan kakansa na wajen uba.

Tafiyar kanta tana da tata takarda. Jerin sunayen fasinjojin da suka bar Birtaniya ta ruwa daga 1890 zuwa 1960 yana ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kew, Landan, kuma ana samun sa a shafukan intanet na binciken asalin dangi, Ancestry da Findmypast. Zai ba ka sunan jirgi, da ranar tashi, da shekarunta, da sana'arta. Mutanen yammacin Sikotlan galibi daga Greenock ko Glasgo suke shiga. Da rani jirage sukan bi kogin St Lawrence zuwa Quebec da Montreal, da hunturu kuwa kogin ya daskare sai su sauka a Halifax. Tashar Pier 21 ta Halifax ta karɓi baƙi kusan miliyan ɗaya tsakanin 1928 da 1971, yanzu gidan tarihi ce kuma suna taimaka wa masu neman bayanin 'yan uwansu. Wadda ta zo bayan 1960, mai yiwuwa jirgin sama ta hau, sai ka dogara da fasfo ɗinta.

Da zarar ka san garinsu, karanta abin da ya faru a garin lokacin tana can. Tamu 'yar Clydebank ce, wani gari kusa da Glasgo. Tana yarinya jiragen Jamus suka yi wa garin ruwan bama-bamai a daren 13 da 14 ga Maris 1941, har kusan babu gidan da bai taɓu ba. Da ta girma ta yi aiki a masana'antar keken ɗinki ta Singer, wadda aka rufe a 1980. 'Ya'yanta sun san ba ta son ƙarar wasan wuta, tana shigewa ɗaki ta rufe ƙofa, amma ba su taɓa haɗa wannan da wancan dare ba sai da muka jera shekarun a takarda. Babbar 'yarta ta daɗe tana kallon takardar ba ta ce komai ba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne auren. Mutane sukan rubuta "sun yi shekara sittin cikin ƙauna" su wuce, kamar shekarun sun zo da kansu. A ganina wannan rage mata daraja ne. Mace ta bar uwa da 'yan uwa, ta haye teku da jariri a hannu, ta sauka a garin da ba ta san kowa ba, miji yana aikin dare a masana'anta, kiran waya zuwa gida kuma sai da dalili mai ƙarfi saboda tsada. Mahaifiyarta ta rasu ba ta samu zuwa jana'iza ba. Mijin da bakinsa ya ce mini shekara biyun farko kullum akwatinta a shirye yake a ƙarƙashin gado. Rubuta wannan, in ya yarda. Sa'an nan ka rubuta abin da ya riƙe su: shi ke kai mata shayi gado kowace safiya, ita ke riƙe kuɗin gida a ambulan daban-daban, na haya da na abinci da na tafiya gida, kuma duk daren sabuwar shekara sai ta share gidan tas kafin sha biyu kamar yadda ake yi a can. Abin da iyali suka ce a rufe, rufe shi, sirrinsu ne. Amma kada ka goge wahalar gaba ɗaya, domin jikokin da ke sabon aure su ne suka fi bukatar jin ta.

Idan sun kai shekara 60 da aure, duba ko akwai katin taya murna daga fadar Birtaniya, domin ana aika wa ma'aurata a wannan shekarar idan iyali suka nema, har da mazauna Kanada. Nata yana jingine a kan talabijin.

Wajen rubutawa, yi guda biyu. Na karantawa a coci kada ya wuce minti biyar zuwa bakwai, kuma labari uku masu kyau sun isa. Dogon kuwa na iyali ne, da hotuna da kwafin takardu. Sa kalmominta yadda take faɗinsu, kada ka gyara mata harshe. Karanta wa mijin kafin kowa ya ji, ka bar shi ya cire abin da yake so. A rubuta cikakken sunanta har da na gidan ubanta, domin a Sikotlan ko a kan dutsen kabari haka ake yi wa matar aure, kuma da wannan sunan ne mutanen garinsu za su gane ta. Aika kwafi ga 'yan uwan da suka rage a can, sa'an nan a ba jaridar garinsu na can gajeriyar sanarwa da sunan unguwar da ta tashi da wurin da ta yi aiki.