Yadda nake canjin guzurin Umara ba tare da an tatse ni ba

Tafiyata ta farko Umara, da na raka Hajiyarmu, na yi asarar abin da ya isa ya ciyar da mu kwana biyu a Makka, kuma ba wanda ya sa hannu a aljihuna. A wurin canji kuɗin suka zube, kaɗan a nan, kaɗan a can. Sai da muka dawo Kano na zauna da biro da takarda na gane inda kowane kwabo ya bi. Tun daga lokacin, duk wanda zai yi tafiya a gidanmu ni ake turo wa, kuma abu na farko da nake sa shi ya haddace lamba ce guda ɗaya: 3.75.

Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka. Tun 1986 hukumomin Saudiyya suka tsayar da shi a kan riyal 3.75 kowace dala, har yau kuma a nan yake. Saboda haka riyal ba shi da wani farashi nasa na kansa a kasuwar 'yan canji ta Wapa a Kano ko a Zone 4 ta Abuja. Farashin dala ne kawai aka raba. In ɗan canji ya faɗa maka kuɗin riyal, ka ninka da 3.75, nan take za ka ga a nawa yake sayar maka da dala ta bayan gida.

Mu ɗauka yau dala tana N1,500. Riyal ya kamata ya zauna a wajen N400. Sai ga wani ya ce maka N425, ya ƙara da cewa ai lokacin Umara ne, riyal ya yi wuya. Naira ashirin da biyar ba ta cika kunne. Amma ka ninka 425 da 3.75, za ka ga dala ce aka sayar maka a kusan N1,594. A riyal 3,000 kuwa, N75,000 ke nan ka bari a kan teburi. Ba ƙarya ya yi ba, riyal kan yi wuya a Kano daga Sha'aban zuwa goman ƙarshe na azumi, da kuma gab da aikin Hajji, domin kowa shi yake nema. Sai dai wuyar ta Kano ce, ba ta Makka ba. A irin wannan lokacin dala nake saya, in na sauka in canza a can. In kuma bambancin bai wuce naira biyar zuwa bakwai ba, riyal ɗin nake ɗauka in huta, don canji biyu ma yana da nasa cin.

Ko da na yanke shawarar tafiya da dala, ba na barin gida ba tare da riyal ɗari biyu ko uku a aljihun gaba ba, kuma ƙanana: goma-goma, biyar-biyar, da hamsin ɗaya ko biyu. Wannan shi ne kuɗin ruwa, da shayi, da layin waya, da motar da za ta kai mu masauki. A tafiyar farko ban yi haka ba. Muka sauka cikin dare, Hajiya ta gaji, ƙafafunta sun kumbura, tana cewa, "Kai dai samo mana abin da za mu sa a baki." Teburin canjin da na fara gani a filin jirgi na nufa, na miƙa dala 1,000 gaba ɗaya, aka ba ni a kan 3.60. Washegari a wani ɗan shagon canji kusa da titin Ibrahim Khalil na ga allo an rubuta 3.74. Riyal 140 na bayar kyauta saboda gajiya da yunwa. Da ɗari ɗaya tak na canza a daren, asarar ba za ta wuce riyal 14 ba.

Irin takardar dalar da ka riƙo ma tana da nata farashin, kuma nan ne aka fi cin baƙo. Akwai tsohuwar ɗari da 'yan canji ke kira mai ƙaramin kai, ta kafin 1996. Akwai mai babban kai da ta biyo baya. Sannan akwai sabuwa da ta fito a 2013, mai shuɗin zare a tsaye a tsakiyarta, wadda ake cewa bulu. A Amurka duk kuɗi ne, ba wadda aka soke. Amma kai ba Amurka za ka ba. Mai shago a Makka ko Madina zai iya ƙin karɓar tsohuwa, ko ya karɓa ya rage maka, haka ma wadda ta yage, ko aka yi wa rubutu, ko ta sha hatimi har ta yi dabbare-dabbare. 'Yan ashirin da 'yan goma su ma ba a cika sayensu da farashin 'yan ɗari ba. A waccan tafiyar, sauran dalar da ke hannuna wani yaro ne ya kawo mini har gida da magariba, ta hannun wani sani, na ƙirga adadi na ga ya cika, ban dubi fuskar takardun ba. Uku a ciki tsofaffi ne. Shago biyu suka mayar mini da su, na uku ya karɓa da ragi, yana yi mini kallon wanda aka taimaka wa. Yanzu tun kafin a buɗe jaka nake cewa, "Alhaji, bulu nake so, 'yan ɗari, masu tsabta." In ya ce sai an ƙara wani abu a kai, mu yi ciniki a kan hakan a fili.

Yadda nake shiga kasuwar kuwa, ba na shiga da ka. Da safe nakan duba farashin da Babban Bankin Najeriya ya wallafa, in kira mutum uku da na saba da su, kowa in tambaye shi abu biyu: nawa yake saya, nawa yake sayarwa. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce ribarsa, kuma wanda tasa ta fi faɗi shi ne mai tsada ko da bakinsa ya fi na kowa zaƙi. Ba na tambayar "nawa ne dala" kawai. Cewa nake, "In na turo miliyan biyu, dala nawa za ta shigo hannuna?" Wannan tambayar tana kashe zancen la'ada, da kuɗin tura kuɗi, da na yaron da ya rako ka. Yaran nan da ke tare mota tun daga bakin titi suna "Yallaɓai, dala ko riyal?" yawancinsu ba su da kuɗin, kai ka za su yi wurin mai shi, kuma kamashonsu daga jikinka zai fita. Ka wuce su da fara'a, ka shiga ofis mai lasisi, ka zauna. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji sama da 4,000 a rana ɗaya, don haka allon da ke saman ƙofa ba hujja ba ne, tambaya ake yi. Ka nemi rasit.

Sai ƙirga. A sa a na'ura, sannan ka bi da hannunka ɗaya bayan ɗaya, kana shafa kafaɗar rigar mutumin da ke jikin takardar, ta gaske tana da kaushi. Ka karkata ta, hotunan da ke cikin shuɗin zaren su motsa. In ka gama ƙirga kada kuɗin su sake komawa hannun kowa, ko da an ce za a sa maka a ambulan ko a ɗaure maka da roba. Kuma kada ka tura naira a ce ka dawo da la'asar ka karɓi dala. Malamai sun daɗe suna faɗa cewa musayar kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yinta, a majalisi guda. Ni ban ga dokar kasuwa da ta kai wannan kare mai saye ba.

Banki fa? Kafin Yunin 2023 akwai tazara babba: dala tana wajen N460 a hukumance, a kasuwar bayan fage kuma ta haura N700, shi ya sa mutane ke kwana a layin neman kuɗin guzuri na PTA, wato dalar da banki ke sayar wa matafiyi. Da aka haɗe farashin, garaɓasar ta tafi. Har yanzu matafiyi yana da damar neman har dala 4,000 a kowane wata uku ta hanyar cike Fom A, da fasfo da biza da tikitin zuwa da dawowa da lambar BVN. Amma a Fabrairun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa biyan wannan kuɗi ta kati ko ta asusu maimakon tsaba. Ka je reshenku da wuri ka ji ƙa'idar da ake kai a makon, ka tambayi farashinsu da duk cajin da za su ɗora, ka gwada da na kasuwa da irin tambayar nan ta "nawa zai shigo hannuna". Wani lokaci banki ya fi, wani lokaci wahalar ba ta biya.

Kati yana da daɗi a Saudiyya, don kusan kowane shago, har mai sayar da dabino, yana da na'urar karɓa. Inda yake cizo shi ne lokacin da na'urar ta gane katin baƙo ne, ta tambaye ka ko za ka biya da riyal ko da kuɗin katinka. Kullum ka zaɓi riyal. In ka zaɓi ɗayan, kamfanin na'urar ne zai yi maka canjin da farashin da ya ga dama, kuma bai taɓa ganin damar da ta yi maka daɗi ba. Wasu masu shagon sukan danna maka ba tare da sun tambaya ba, saboda haka ka dubi allon kafin ka sa lambar sirri. Na'urar cire kuɗi ita ma tana yin tambayar nan, amsar kuma ɗaya ce. Tunda cajin cirewa yawanci a kan kowace cira ne, gara ka ciri mai yawa sau ɗaya da ka yi ta zarya kana cirar ɗari-ɗari. Katin naira kuwa, bankuna da yawa sun rufe amfani da shi a waje wajen 2022, wasu suka buɗe a tsakiyar 2025 da iyaka. Kafin ka dogara da shi ka tambayi iyakar da farashin da suke lissafa dala, in ba haka ba sai saƙon cire kuɗi ya shigo kana tsakiyar kasuwa ka ji kamar an mare ka. Ni nawa tsarin, kashi biyu cikin uku tsaba, ɗaya a katin dala, kuma tsabar ba ta kwana wuri guda: rabi a jikina, rabi a lalitar Hajiya, wadda ko ni ban isa in taɓa ba.

Mutane suna yawan tambayata yaushe ya fi a saya. Wanda ya ce maka ya san inda dala za ta kwana jibi, ka riƙe aljihunka. A ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura N1,800, masu shirin Umarar azumi suka ruɗe suka saye gaba ɗaya don kar ta kai dubu biyu. Zuwa tsakiyar Afrilu ta sauko kusa da N1,100. Wani maƙwabcina har yau in aka tuna masa sai ya yi tsaki. Abin da nake yi, in raba sayen gida uku cikin makonni shida kafin tafiya. Ba zan dace da mafi araha ba, amma kuma ba zan zuba duka a rana mafi muni ba. Abin da ba na yi ko kusa shi ne barin canji sai ranar tashi, don mai gaggawa ba ya ciniki, kuma ɗan canji daga tafiyarka yake gane jirginka na yamma ne.

Ga masu tsallakawa Maraɗi ko Damagaram hutu ko biki, dabarar ɗaya ce, lambar ce ta bambanta. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, don haka daga farashin yuro ake gane na sefa. A kula, sefar Nijar da Binin daban take da ta Kamaru da Cadi, darajarsu ɗaya amma mai shago a Yamai ba zai karɓi ta Garwa ba. Kuma in mai tebur a Maraɗi ya ce maka dala ashirin, kada gabanka ya faɗi. A lissafinsu dala sefa biyar ce, ɗari yake nufi. Na taɓa ganin wani ɗan Kano ya ajiye ƙullin goro ya juya saboda wannan.

In abin da ka ɗauka ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinta, doka ta ce ka bayyana wa jami'an kwastan kafin ka fita Najeriya. Bayyanawar kyauta ce, ɓoyewar ce ke jawo a ƙwace. Saudiyya ma tana da tata iyakar, kuma har zinaren da aka saya ana lissafawa, abin da hajiyoyi ke yawan mantawa. Kada kuma ka karɓi ƙullin kuɗin wani a filin jirgi da sunan taimako.

Ragowar riyal ba na mayar da ita naira. Ɗan canji zai saya a ƙasa da yadda ya sayar, ka yi asara sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Manyan takardun, 'yan ɗari da 'yan ɗari biyar, nakan mayar da su dala tun a Madina, ko in ajiye su yadda suke, tunda riyal dala ce da wata riga, ba ta narkewa kamar naira. Silalla da 'yan riyal biyar-biyar kuwa ba mai saye a gida, sai a kashe su a dabino da zabibi kafin a hau jirgi. Daga tafiyar bara akwai riyal 260 a cikin wani tsohon gwangwanin turare a ɗakin Hajiya. Ƙanwata ce za ta tafi a Rajab, na riga na ce mata kada ta sayi ƙananan kuɗi, ta je ta roƙi Hajiya gwangwanin.